Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan gwajin ruwan huhu

Wallahi 'yar'uwa, ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, kamar labarin Mamarmu kika rubuta. Kin ce an zuƙi ruwan gefen huhun Baba ba a ga ƙwayar daji ba, likita ya ce a tura ruwan gwajin ƙwayoyin halitta, kina tsoron kar a yi asarar kuɗi. Ki tura.

Mu wata huɗu Mama tana shan maganin tarin fuka, fitsarinta ya koma ja, tana ta zubewa. Hoton ƙirji kawai wani likita ya kalla ya yanke hukunci. Ranar da aka fara zuƙe ruwan, ya fi lita ɗaya, jaja-jaja da shi, a gabana aka juye a bokiti. Na ce, "Likita, ba za a gwada ba?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Hajiya, ke ce likitan ko ni?" Har yau maganar nan tana ci mini rai. Sati biyu ruwan ya dawo, Mama a zaune take kwana, jingine da filo uku, ni ina ƙirga numfashinta har asuba. Na bar shi da Allah.

Sai a wani asibitin aka zaunar da mu. Ashe duban farko na ruwan yakan kama kamar 6 cikin 10 ne kawai, "ba a gani ba" ba ya nufin babu. Suka ɗebi ruwa da yawa, suka tattara ƙwayoyin ciki, aka tabbatar kansar huhu ce, aka kuma samu canji a ƙwayar halittar da suke kira EGFR. Matar da ko warin taba ba ta so! Wai irin wannan ya fi yawa a mata marasa shan taba. Aka ɗora ta kan gefitinib, ƙwaya ɗaya kullum. Ta sha ƙuraje da gudawa, amma ta koma sallah a tsaye.

Ki tambaya ko za su duba har da ALK, wata ƙwayar halittar da ita ma akan samu canji a cikinta kamar EGFR. In wannan ma bai nuna komai ba, a yi maganar ɗibar tsoka daga fatar huhun, kada ku koma gida ku zauna. Masu cewa sammu ne kuwa, mu har da hayaƙi aka zo yi wa mai fama da numfashi, sai da na yi faɗa da gwaggona.

Duk takardar da aka ba ku, ki ɗauki hotonta a waya. Allah ya ba Baba lafiya.