Huda ƙasa ba ita ce haƙa ba

Malam, ka tambaya ko injin da ke huda ƙasa kusa da gonarku neman tungsten (wani ƙarfe mai nauyi da tauri) yana nufin haƙa ta zo. A'a, bincike ne kawai. Sandunan dutse suke zarowa daga ƙarƙashi, a kai ɗakin gwaji a auna yawan ma'adinin.

Na yi aiki wajen Riruwai a jihar Kano, inda wolfram, wato ma'adinin da ake samun tungsten daga gare shi, ke tare da kuza. Jijiyarsa siririya ce cikin farin dutse, rami ɗaya ya dace, na gefensa ya fito wayam, shi ya sa ake huda da yawa. A Najeriya lasisin bincike shekara 3 ne kafin sabuntawa, na haƙa kuma daban ake nema. Amma idan sun taɓa amfanin gonarka, nemi diyya a rubuce.