Sanyin Japan ya ƙarato, yaya zan yi da yara a gidan haya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun zo Saitama a watan Afrilu, maigidana yana karatu. Yaranmu biyu, ɗan shekara 6 da 'yar shekara 3. Nuwamba muke ciki, amma da asuba ɗaki kamar firij. Me zan tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba gidanku kaɗai ba ne. In ban da arewa irin su Hokkaido, yawancin gidajen Japan ba a ɗumama su gaba ɗaya, ɗaki guda ake zaɓa iyali su taru. Ke ma haka za ki yi. Na'urar sanyaya ɗakin da ke bango tana hura zafi, ku koyi maɓallinta. Ku nemi kotatsu, gajeren tebur mai hita a ƙasa da bargo a kewaye, yara za su ci abinci su yi karatu a gindinsa. Amma kada su yi barci a ciki.

Inda nake jin tsoro shi ne hitar kananzir. Tana da araha, sai dai gidajen haya da yawa sun hana ta, don haka maigida ya duba takardar haya tukuna. In an yarda, a riƙa buɗe taga kowace awa, a kashe ta kafin kwanciya. Kaskon garwashi da muka saba da shi lokacin hunturu kuwa, don Allah kada ya shiga ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Bushewar iskar yankinku za ta tuna miki da gida, leɓe ya tsage, fata ta yi kaushi. Man kaɗanya ya isa. Raɓar da ke taruwa a taga da safe ki goge ta, in ba haka ba bango ya yi fumfuna.

Allurar rigakafin infuluwenza a yi ta yanzu, yara 'yan ƙasa da shekara 13 sau biyu ake musu. Kuma daga 29 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu ofisoshin gwamnati da yawancin ƙananan asibitoci a rufe suke, ki tanadi magungunan yara kafin nan. In zazzaɓi ya taso da dare, #8000 layin shawara ne kan lafiyar yara, galibi da Japananci, sai ki nemi maƙwabciya ta taimaka. Motar asibiti kuma 119.