Ina ba ɗana maganin mura don ya yi barci in samu in yi ɗinki

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni tela ce, ina ɗinkin mata a gida, ni nake zana salon kayana, ina tallata su a Instagram da WhatsApp. 'Ya'yana uku, autan shekararsa ɗaya da wata huɗu, yana kan nono. A unguwarmu sai dare ake kawo wuta, shi kuma da ya ji ƙarar keke sai ya farka ya maƙale mini. Ga azumi ya ƙarato, kayan Sallah sun fara taruwa. Wata maƙwabciyata ta ce ita sirof ɗin mura take ba nata su yi barci, na je kemis aka ba ni wani. Kusan mako biyu ke nan ina ba shi cokali ɗaya bayan isha'i. Da farko yana kaiwa asuba bai motsa ba, yanzu sai na ƙara masa, da rana kuma jikinsa a mace, ba ya son abinci. Shekaranjiya maimakon barci sai ya yi ta ihu yana fizge-fizge kamar wanda ya ga wani abu. Surukata ta ce shafar aljanu ce, kuma in ajiye keken in rungumi 'ya'yana. Likita, na cutar da ɗana ne? Kuma dole sai na bar sana'ar?

Wata uwa daga Kano

Amsa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Daren yau kada ki ba shi. Gobe da safe ki ɗauki yaron da kwalbar, har da kwalinta in yana nan, ki kai shi asibiti inda ake ganin yara, ki faɗa wa likita gaskiyar adadin da kike ba shi da tsawon lokacin. Kada kunya ta sa ki rage komai, ba ke ce ta farko da za ta faɗi haka a ɗakin duba marasa lafiya ba. Kwalbar nake so a gani domin ba ki faɗi sunan maganin ba. In irin na mura ne zalla, dainawa kai tsaye ba ta da matsala. In kuwa an haɗa miki da wani abu mai ƙarfi irin su diazepam, likita ne zai tsara yadda za a janye shi.

Akwai alamun da ba a jiran safiya da su. In kika tashe shi ya ƙi tashi, ko numfashinsa ya yi sanyi yana ɗaukewa, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko ya fara jijjiga, ko jikinsa ya yi zafi rau babu gumi, ko ya wuni bai yi fitsari ba, a tafi asibiti a lokacin ko da ƙarfe biyun dare ne. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Yaron da magani ya kwantar ba ya iya kare hanyar numfashinsa, abin da aka ɗura sai ya bi ta huhu.

Game da ko kin cutar da shi: abin da kika bayyana ya yi daidai da aikin maganin, kuma mafi yawan yara suna dawowa daidai cikin 'yan kwanaki bayan an daina. Ihun da fizge-fizgen ma sanannen abu ne. Magungunan mura masu sa barci, irin su chlorpheniramine da kuka fi sani da Piriton, da diphenhydramine, da promethazine, a jikin wasu yaran juyewa suke yi su tayar da ƙwaƙwalwa maimakon su kwantar da ita. Yaro ya rikice, zuciyarsa ta yi ta bugawa da sauri, wani har ya riƙa ganin abin da babu. Ku yi masa addu'a, babu mai hana wannan, amma aljanin da ya shafi ɗanki yana cikin kwalba a kan durowarki.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai na ji ta: wai ai maganin yara ne, ba shi da illa, barci kawai yake sawa. Masu ɗinki na faɗa, masu yin cincin da kek na biki na faɗa, masu ƙunshi da kitso na faɗa, har marubuta masu rubutu a waya cikin dare na ji daga bakinsu. Hoton jariri a jikin kwali da ɗanɗanon zaƙi sun sa mutane sun ɗauke shi kamar alewa.

Barcin da maganin ke sawa illarsa ce, ba amfaninsa ba. An yi shi ne don ƙaiƙayi da atishawa da borin jini, kasalar kuwa na zuwa ne saboda yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa ya danne ta. Ƙwaƙwalwar nan ita ce ke riƙe da numfashi. Shi ya sa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan promethazine cewa kada a bai wa yaron da bai kai shekara 2 ba, bayan an samu yaran da numfashinsu ya tsaya suka mutu. Piriton na ruwa ma ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, bayan nan kuma sai da dalili da awo. Kodin kuwa ba a ba duk wanda bai kai shekara 12 ba, kuma tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi. Duk da haka in ka san wanda za ka tambaya, har yanzu yana fitowa daga ƙarƙashin kanta.

Sai abin da ke kanki kika lura da shi, cewa cokali ɗaya ya daina aiki. Jiki na sabawa da kasalar irin waɗannan magunguna cikin kwanaki kaɗan, amma ba ya sabawa da gubarsu. Uwa na ƙara cokali tana neman barcin daren farko, abin da ke ƙaruwa kuwa haɗari ne ga zuciya da ƙwaƙwalwa. Kuma wane cokali? Na shan shayi ko na cin shinkafa? Awon yara da mililita ake yi, gwargwadon nauyin yaro ko shekarunsa, cokulan gidajenmu kuwa wani ya ninka wani. Ƙari a kan haka, yaro ya yi mura a ba shi wani sirof ɗin daban, alhali sinadari ɗaya ne a ciki da suna biyu, ga farasitamol a cikin wasunsu. An ninka masa ba a sani ba.

Abin takaicin shi ne ko aikin da ake nema bai cika yi ba. A 2006 an wallafa wani bincike da aka yi a Amurka a kan jarirai 'yan wata 6 zuwa 15 masu yawan farkawa da dare. An ba wasu diphenhydramine, an ba wasu ruwan da babu magani a ciki. Ba a ga wani fifikon maganin ba, har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa.

Ga wanda ya fi tayar mini da hankali a matsayina na mai duba yara. Idan aka kawo mana yaro da zazzaɓi, abu na farko da muke kallo shi ne yadda yake a farke: yana bin mu da ido, yana kuka da ƙarfi, yana karɓar nono? Da haka muke gane zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da haka muke gane sanƙarau, musamman a watannin zafi. Uwar da ta saba ganin ɗanta a langaɓe saboda sirof, ranar da cuta ta gaske ta langaɓar da shi sai ta ce ai maganin ne, bari ya sake shi. Sa'o'in da za a cece shi a cikinsu su wuce tana kan keke.

Ban ma zo kan ingancin abin da ke cikin kwalbar ba. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadarin diethylene glycol, ya kashe yara 84 a ƙasar nan ta hanyar lalata musu ƙoda. A 2022 irin wannan guba a cikin sirof ɗin tari ta hallaka yara kimanin 70 a Gambiya. Duk maganin da za a ba yaro akwai kasada a ciki, muna ɗaukarta ne idan cuta ta tilasta. Ɗanki lafiyarsa ƙalau aka fara ba shi.

Mai kemis ɗin da ya miƙo miki kuwa, da shi nake da magana fiye da ke. Kin je kin ce yaro ba ya barci, bai tambayi shekarunsa ba, bai tambayi nauyinsa ba, ya karɓi kuɗi. Lasisin da hukumar PCN, mai kula da harkar sayar da magunguna a ƙasar nan, ke ba masu irin waɗannan shaguna na sayar da 'yan magungunan yau da kullum ne a cikin kwalinsu, ba na duba mara lafiya ba ne, ba na rubuta magani ba ne. Amma a unguwanni ana ce musu dakta suna amsawa. Hukumomi kan zo su garƙame shaguna a ɗauki hoto, bayan kwana biyu a buɗe, mu kuma a ci gaba da kawo mana yaran.

To me ke hana shi barci? Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu na bukatar awa 11 zuwa 14 a yini da dare, har da na rana. Ki duba ko yana yin dogon barci bayan la'asar, domin wanda ya tashi da magariba ba zai kwanta da isha'i ba. Ki duba ko ana ba shi shayi mai ganye, ko ana miƙa masa waya don ya yi shiru. Ki duba zafi da sauro da yunwa, a duba masa kunne da ƙarancin jini a asibiti. Sannan ke da bakinki kin faɗi babban dalilin: wuta ta zo, ƙwan lantarki ya haska, keke ya ɗauki ƙara, a ɗakin da yake kwance. Ki fitar da keken zuwa falo ko wani ɗakin. A yi masa wanka, ya ci ya ƙoshi, a rage haske, a kwantar da shi a lokaci ɗaya kullum cikin gidan sauro. Kwanakin farko bayan daina maganin za su yi wuya, ki sa wannan a lissafinki. Ke ma in kina shan wani abu don ki hana idonki barci, ki sani yana bi ta nono. Tramadol kuwa kada ki kusance shi.

Tun da ɗaki ɗaya ne wurin aiki da wurin rarrafe, ki tattara allura da fil da maɓalli da duwatsun ado cikin gwangwani mai murfi a sama. Man keke da kananzir kada su zauna a gorar lemo. Dutsen guga na gawayi kada ya sauka ƙasa. In kina tayar da janareta, a waje nesa da taga.

Batun ajiye sana'a, ni ban ga dalili ba. Ba ɗinki ne ya kwantar da yaronki ba, ɗinkin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ne. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya na da hutun haihuwa na mako 16, dokar ƙwadago ta ba ma'aikaciyar kamfani mako 12, ke mai aikin kanki ba ki da ko yini ɗaya sai wanda kika yanka wa kanki. Ki lissafa kala nawa kike iya gamawa a mako ba tare da kin kwana a zaune ba, ki ninka da makonnin da suka rage, abin da ya haura ki mayar wa masu shi tun yanzu da sauran lokacin da za su nemi wani telan. Ki sa ranar rufe karɓar ɗinki ki rubuta a shafinki. Wadda ta zo a makare tana son na gaggawa ta biya kuɗin gaggawa. Yanka da zane da jera duwatsu ba sa bukatar wuta, ki yi su da rana, ki bar wa dare abin da sai da keke. Ki ɗauki mai taya ki, babba mai hankali, ko ɗaliba mai koyon ɗinki. Ban ce a ɗauko yarinya 'yar shekara tara daga ƙauye a ɗora mata goyo ba, domin su ma wani lokacin su ke ɗura wa yaran maganin don su huta.

Surukarki kuma, ki yi mata magana da ladabi, ki nuna mata abin da likita ya rubuta. In har tana ganin jikanta na bukatar a rungume shi, hannunta ma hannu ne, ta karɓe shi awa biyu da hantsi.

A duk tambayarki ban ji an ambaci maigida ba, kuma wannan shirun na saba jin sa. Malam, kuɗin keken nan kana gani yana shiga cefane da kuɗin makaranta da kayan Sallar yara, alhali ciyarwa da tufatarwa a wuyanka shari'a ta ɗora su, abin da ta samu nata ne. An tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa. Kai kuwa kana majalisa har sha ɗayan dare, matarka na ɗinki da ƙafa ɗaya tana jijjiga yaro da ɗayar. Ka dawo gida bayan isha'i ka ɗauki ɗanka, ka zaga da shi tsakar gida har ya yi barci, ka kwanta kusa da shi don in ya farka ya ji mutum. Gobe kuma kai za ka kai su asibitin, ka riƙe kwalbar a hannunka.