An Tsare Mahaifina Saboda Bashin Ƙanena: Me Doka Ta Ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ƙanena ya karɓi buhun masara arba'in a hannun wani ɗan kasuwa a kan zai biya bayan ya sayar. Kaya suka faɗi, ya biya rabi, ya tafi Legas neman cikon. Ranar Litinin da asuba 'yan sanda suka zo gidanmu a nan Zariya, da ba su same shi ba suka tafi da Babanmu, dattijo mai hawan jini. Yau kwana uku yana bayan kanta. Sun ce ba za a sake shi ba sai yaron ya fito ko mun kawo kuɗin. Na je in tsaya masa, aka ce mace ba ta beli, kuma ko namiji ne sai ya zo da "kuɗin takarda". Don Allah haka dokar take? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya fito da shi cikin mutuncinsa. A'a, ba haka dokar take ba. Idan har abin ya faru yadda kika faɗa, an taka doka a wuri huɗu, kuma mafi muni shi ne kamun da aka yi wa Baba tun farko.

Ɗan Adam ba jingina ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, ta faɗa ƙarara a sashe na 36 cewa ba a kama mutum a madadin wanda ake zargi. Kafin ita, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta Tarayya ta 2015 ta faɗi haka a sashe na 7, kuma Jihar Kaduna ta yi tata dokar a kan wannan tsari a 2017. To ko da babu ɗaya daga cikin waɗannan, sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya isa. Ya lissafa dalilan da za a iya tauye wa mutum 'yancin walwala, kamar hukuncin kotu, ko zargi mai tushe cewa shi da kansa ya aikata laifi. Haihuwar wanda ake nema ba ta cikin lissafin. Mu da muka tashi muna jin ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Akwai inda labarin zai canza, kuma gara ki tambayi Baba tsakani da Allah. Idan da hannunsa aka karɓi masarar, ko ana zargin ya ɓoye yaron da gangan bayan ya san ana nemansa kan laifi, to sai a ce zargin nasa ne na kansa. Amma a nan ma dole a gaya masa. Sashe na 35(3) ya ce a cikin awa 24 a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce, da harshen da yake ji. "Kai ne ubansa" ba tuhuma ba ce.

Sai batun bashin. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ya hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba, kuma manyan kotunan ƙasar nan sun sha nanatawa cewa caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne. Yadda ake zagaye wannan sananne ne. Mai bin bashi ba ya cewa "ina bin sa kuɗi", sai ya rubuta cewa an yi masa zamba ko cin amana, domin waɗannan laifuka ne a Kundin Laifuffuka na jiha, wato final kot ɗin da Kaduna ta sabunta a 2017. Abin da ke raba zamba da bashi shi ne niyya a ranar da aka karɓi kaya. Wanda ya zo da ƙarya tun farko don ya raba mutum da dukiyarsa, ya yi zamba. Wanda ya karɓa da niyyar biya, kasuwa ta juya masa baya, har ma ya biya rabi, bashi kawai ake bin sa. Wannan rabin da ƙanenki ya biya hujja ce mai ƙarfi, don haka ki nemo shaidarta tun yanzu, ko saƙon banki ne, ko rubutun da ke littafin ɗan kasuwar, ko mutanen da aka ƙirga kuɗin a gabansu.

Kwana ukun nan ma sun wuce ƙa'ida. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Zariya kuwa da kotunan majistare, da kotunan shari'a, da Babbar Kotun Jiha, duk a cikin gari. Sassaucin da ake yi wa 'yan sanda a nan ya shafi masu manyan laifuka ne na hukuncin kisa, ba buhun masara ba.

Beli kyauta ne. Sau da yawa za ki ga an rubuta haka da manyan baƙaƙe a bangon ofishin, a saman kan wanda ke tambayarki kuɗin. Zancen mace ba ta beli kuma al'ada ce kawai da ta daɗe har aka ɗauka doka ce. Dokar 2015 ta hana a ƙi karɓar mai tsayawa don kawai mace ce, kuma sashe na 42 na tsarin mulki ya haramta wariya saboda jinsi. Abin da ake dubawa ga mai tsayawa shi ne a san shi, a san gidansa, a tabbatar zai iya kawo mutumin ranar da aka neme shi.

Yanzu ga abin yi. Kada ki tsaya cacar baki da wanda ke kan kanta, ba shi ke da ikon sakin ba, kuma faɗan zai ƙare ne a kan Baba. Ki samu takarda ki rubuta ranar da aka kama shi da lokacin, da sunan mai binciken, da abin da aka ce ki kawo. Sannan a rubuta takardar neman beli zuwa ga DPO, kwafi biyu, a ba da ɗaya a sa hannu a kan ɗayar ki riƙe. Na sha ganin yadda wannan 'yar takardar ke sauya fuskar ofis. Mutumin da ɗazu yake cewa "ku je ku dawo" sai ka ga ya gyara zama yana tambayar wa ya rubuta, don magana ta bar iska ta hau takarda. A ciki ki ambaci hawan jinin Baba da magungunansa. Idan ba a saurare ki ba, sai ofishin Eriya Kwamanda na Zariya, daga nan Kwamishinan 'Yan Sanda a Kaduna. Rundunar tana kuma da sashen karɓar koke-koken jama'a da ta buɗe tun 2015.

Abu ɗaya nake so ki kiyaye sosai. Za a iya miƙo wa Baba, ko ke, takarda a ce a sa hannu an ɗauki alkawarin biyan kuɗin ko kawo yaron rana kaza. Mutum a matse, yana son ya kwana a ɗakinsa, sai ya dangwala. Washegari bashin da ba nasa ba ya hau kansa, kuma an samu takardar da za a riƙa dawowa da ita. Kotu na iya watsi da alkawarin da aka karɓa cikin tilas, amma tabbatar da tilas ɗin wani dogon aiki ne. Sashe na 35(2) na tsarin mulki ya ba Baba damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Ya yi amfani da ita.

In duk wannan bai yi ba, ƙofar kotu a buɗe take. Sashe na 46 na tsarin mulki ya ba duk wanda aka tauye wa haƙƙi damar zuwa Babbar Kotu, kuma ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 da aka yi zamanin Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi sun sauƙaƙa hanyar. Tunda Baba yana tsare, ke za ki iya yin takardar rantsuwa a madadinsa, kuma irin wannan ƙara ba ta tsufa, ko bayan an sake shi ana iya shigar da ita. Kotu za ta iya ba da umarnin a sake shi, a biya shi diyya, a kuma nemi gafararsa a bainar jama'a, kamar yadda sashe na 35(6) ya tanada. Idan kuɗin lauya ne matsala, a tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a Kaduna, ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Zariya, ko a leƙa Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo a nemi shawara.

Shi ma ɗan kasuwar ya kamata wani dattijo ya ja shi gefe. Haƙƙinsa yana nan, masararsa ce, kuma ba na goyon bayan a cinye masa. Amma wanda ya sa aka tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, ya nuna gida, ya tsaya kai da fata sai an riƙe tsoho, ana haɗa sunansa da na 'yan sandan a cikin ƙarar, kuma diyyar na iya fin abin da yake bi. Hanyarsa ita ce ya kai ƙarar bashi kotu, a aika wa yaron sammaci, a yanka masa yadda zai biya.

Ƙanen naki kuma ki kira shi yau. Ya dawo, ya zo da lauya ko wani babba da shaidar abin da ya biya, a zauna da mai kayan a rubuta sauran da ranakun biya a gaban shaidu biyu.