Kafin Ka Sauke Giyabos: Amsa Kan Akori-Kurar da Ke Fizga Wajen Tashi

Ɗana, na karanta saƙonka game da Hilux ɗin da aka kawo maka, wadda ka ce idan ta tsaya cak sannan direba ya taka totur, sai ta yi wata fizga kamar an bangaje ta daga baya, amma da zarar ta kama hanya sai ta tafi lafiya lau. Ka ce mai motar yana matsa maka ka sauke giyabos, kuma kana tambaya ko ka bi maganarsa. Kada ka kwance ko noti ɗaya a jikin giyabos tukuna, domin a cikin motocin da suka zo hannuna da wannan ƙorafi, waɗanda laifin ya kasance a cikin giya su ne mafiya ƙaranci.

Ka fara shiga motar ka tuƙa ta da kanka, rediyo a kashe, gilashi a sauke, saboda abin da masu mota suke kira fizga ba ciwo ɗaya ba ne. Idan bugu ɗaya ka ji, gwaf, sannan shiru, to akwai wurin da ya yi sako-sako tsakanin inji da tayoyin baya. Idan kuwa motar ta ɗauki karkarwa ne daidai lokacin da kake sakin kuloci, har sitiyari da kujera suna rawa, hankalinka ya koma kan kulocin. Wadda ta yi kamar za ta mutu sannan ta zabura, ita kuma matsalarta ta mai ce ko ta wuta, sai ka duba fulogi da filtar mai. Bayaninka ya fi kama da na farko, don haka a can zan fi tsayawa.

Ka kai ta kan rami, ka ja birkin hannu, ka sa duwatsu gaba da bayan tayoyi, ka bar giya a firi. Kada ka yarda ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da mai ita yana tsaye a kanka yana sauri. Ka kama farfela, wato doguwar sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa aksul ɗin baya, da hannu biyu, ɗaya a kowane gefen kuros, mahaɗar nan mai kai huɗu da ke ba ta damar lanƙwasawa, ka murɗa dama da hagu. Kuros mai lafiya ba ya wasa ko kaɗan. Ka haska fitila a bakin kofunansa guda huɗu, idan ka ga wata jar ƙura mai kama da garin jan bulo tana fitowa, ƙananan alluran da ke ciki sun bushe sun fara cin juna, kuma babu giris ɗin da zai dawo da su, sai canji. Idan farfelar mai gaɓa biyu ce, ka ɗaga ta sama da ƙasa a tsakiya ka ga ko robar da ke riƙe da beyarin ta yage.

Akwai wuri ɗaya a jikin farfela da yara da yawa suke wucewa, kuma shi na fi zargi a wannan motar. Farfela tana da gaɓa mai haƙora wadda ke zamewa ciki da waje kamar wuƙa a cikin kube, domin duk lokacin da sifirin ya lotsa ko ya miƙe, nisan da ke tsakanin giya da aksul ɗin baya yana canjawa. Idan direba ya taka birki, gaban mota yana duƙawa, aksul ya ɗan murɗa a kan sifirin, gaɓar nan ta zame. To idan ruwan damina ya wanke giris ɗinta, ƙurar hunturu kuma ta shiga ta daskare, sai ta maƙale a inda ta tsaya, ba za ta koma ba sai ƙarfin tashi ya tilasta mata, ta saki gaba ɗaya lokaci guda. Wannan sakin shi ne bugun da direba yake ji a bayansa. Alamarsa ita ce bugun ya fi ƙarfi bayan tsayawa da birki mai zafi, kuma wani lokaci yana zuwa tun kana ɗage ƙafa daga birki, kafin ka taɓa totur. Ka goge kan nonon giris, ka buga mata kaɗan, kada ka cika ta har ta rasa wurin zamewa, sannan ka fita gwaji. Na taɓa kwana biyu a kan giyar wata akori-kura ina saurayi, na mayar da ita bugun yana nan, maigidana ya zo ya buga giris a wannan gaɓar ya kashe maganar. Har yau ina jin nauyin kuɗin da mai motar ya kashe a banza. Idan ta kama sai ka cire farfelar ka wanke haƙoran, ka yi mata alama da alli kafin ka raba ta, domin idan ka mayar da ita a karkace za ka haifar da girgiza wadda da babu ita.

Daga nan ka matsa baya wajen sifirin, ka kuma tambayi mai motar abin da take ɗauka. Hilux an yi ta ne don kayan da ba su wuce kimanin tan 1 ba, wato buhun masara 10 masu kilo 100, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dawanau ya san abin da ake ɗora mata. Irin wannan lodin yana sassauta notocin da suka ɗaure aksul da sifirin, yana karya ƙusar tsakiyar sifirin, yana cinye bushin. Ka nemi wurin da ƙarfe ya goge yana ƙyalli a tsakanin tsatsa, domin nan ne abu yake motsi alhali bai kamata ba. Ka sa dogon ƙarfe ka banƙara idon sifirin ka ga ko zai yi wasa.

Robobin da inji da giya suke zaune a kai kuma gwajinsu ba wuya. Ka buɗe bonet, ka sa wanda ka amince da ƙafarsa ya danne birki sosai, ya sa giya ta ɗaya ya ɗan saki kuloci, sannan ya maimaita da ribas, kai kuma ka tsaya a gefe, kada kowa ya tsaya a gaba ko bayan motar. Inji zai ɗan karkata, wannan daidai ne, amma idan ya ɗago kamar zai tashi sannan ya faɗa, roba ta rabu.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya za ka dubi aksul ɗin kansa, ka ga ko farfela tana juyawa da yawa kafin ta kama, ka zuba man a kwano mai tsabta ka nemi ɓurɓushin ƙarfe. Ba ka faɗa mini ko motar otomatik ce ba. Idan ita ce, ka duba yawan man giya da launinsa, domin lafiyayye ja ne, wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna kuma labari ne daban, ka sa mata na'urar kwamfuta kafin ka buɗe komai. Idan mai kuloci ce kuma karkarwa ka ji, ka leƙa ƙasan mahaɗar inji da giya ka ga ko baƙin mai yana ɗiga, domin sil ɗin bayan inji, wato robar da ke tare mai, idan ya lalace yana jiƙa faifan kuloci.

Duk abin da ka gyara, ka gyara shi ɗaya ɗaya kana gwadawa, kuma gwajin ƙarshe ka yi shi da kaya a baya, mai motar yana zaune kusa da kai. Ka rubuto mini abin da ka gani a jikin farfelar da kuma irin giyar da take da ita. Allah ya yi maka albarka.