Shin in shiga ƙungiyar ƙwadago? Amsar maigida ga yaronsa

Ka tambaye ni ko ka shiga ƙungiyar ƙwadago in ka samu aikin walda a kamfani, tunda ka ji ana cewa ba abin da suke yi sai zaftare albashi. Ka shiga, yarona. Amma ka buɗe kunne, don abin da za ka biya ya wuce ɗan kuɗin da ake cirewa duk wata.

Ranar da hayaƙin walda ya fara cin ƙirjinka, ko gilashin da aka ba ka ya tsage, je ka ofis kai kaɗai ka nemi a canza. Za a nuna maka ƙofa, a ce ga mutane can a waje suna jiran gurbinka. To amma in duk masu riƙe da kan walda suka aika wakili da magana ɗaya, dole a zauna da shi, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A irin wannan zaman ne ake rubuta albashi da awannin aiki da kuɗin ƙarin lokaci da diyyar wanda ya ji rauni, su zama yarjejeniya, ba sai yadda mai kula da sashe ya ga dama ba. In kuma aka tashi sallamarka, akwai mai tsaya maka ya ce a kawo dalili.

Awa takwas ɗin nan da kake gani kamar haka Allah ya yi ta, da jini aka same ta. A 1886 ma'aikata a Chicago ta Amurka suka yi yajin aiki a kanta, aka rasa rayuka, daga nan Ranar Ma'aikata ta 1 ga Mayu ta samo asali. Da aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919, yarjejeniyarta ta farko kan wannan ce: awa 8 a rana, 48 a mako a masana'antu. Duk lokacin da na ajiye kayan aiki da sauran rana, mutanen nan nake gode wa.

Yanzu ga inda yake da ciwo. In rinjaye ya ce a tafi yajin aiki, ka tafi ke nan, ko kana so ko ba ka so, kuma sau da yawa albashi yana tsayawa. Ba kullum ake cin nasara ba. Masu haƙar kwal na Birtaniya sun yi kusan shekara guda suna yaji daga 1984 zuwa 1985, suka koma aiki hannu rabbana, daga baya aka yi ta rufe ramukan. A 1981 Shugaba Reagan na Amurka ya kori masu kula da zirga-zirgar jiragen sama sama da 11,000 saboda sun ƙi komawa bakin aiki. Kowane ɗayansu yana da iyali.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai sana'a shi ne ma'auni ɗaya da ake yi wa kowa. Kai da ɗinkinka yake fita sumul, da wanda nasa ke tsagewa in an gwada, albashinku ɗaya in matakinku ɗaya. Wani lokaci ma ƙungiya takan kare rago don kawai ɗanta ne. Inda ake bin daɗewa, in aka zo rage ma'aikata, sabon shiga irinka ake fara taɓawa komai iyawarsa. Kada wannan ya kashe maka hannu. Katin ƙungiya ba ya yin walda.

Sai shugabanni. Akwai masu amana, akwai waɗanda da sun ɗanɗana kujera sai su fi kusa da ofis fiye da ma'aikata. Ba sa lalacewa sai mambobi sun daina zuwa taro. Saboda haka kafin ka sa hannu, nemi yarjejeniyar ka karanta da kanka, ka tambayi yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe, da wa ke duba asusu. In an kira taro ka je, ko da ka gaji, ka zauna gaba inda za a ji tambayarka.