Tambaya da Amsa: A Ina Zan Samu Ma'aunin Ɗaurin Notin Tayarod?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tirela ƙirar DAF da na saya ta hannu, tana dakon hatsi daga Dawanau zuwa kudu. Watanni biyu da suka wuce na sa aka canza mata tayarod (ƙarfen da ke haɗa ƙafafun gaba biyu don su juya tare) da sandar da ke haɗa akwatin sitiyari da ƙafar gaba, kuma da idona na ga yaron gareji ya zura bututu a sifana ya taka da ƙafa har notin ya yi ƙara. Ba a yi sawu biyar ba direba ya fara kukan cewa sitiyari yana wasa. Yanzu na sayo sababbin kaya a Ƙofar Ruwa, amma motar ba ta zo da littafinta ba. Nawa ne ma'aunin ɗaurin, kuma a ina ake samun sa?

Wani mai mota, daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara tsarewa, domin sitiyarin da ke wasa a ƙarƙashin cikakken lodi ba abin da ake jira sai an dawo daga tafiya ba ne. Babu adadi guda da ya dace da dukkan manyan motoci, kuma ko a mota ɗaya notin kan tayarod daban yake da na maƙalar da ke riƙe sandar, shi ma daban yake da babban notin hannun da ke fitowa daga akwatin sitiyari. Wanda ya ƙera kayan ne ke yanke ma'aunin, saboda haka aikinka shi ne ka bi sawu har ka isa gare shi.

Ka fara da lambar shasi mai haruffa da alkaluma 17, wadda ke kan takardun motar kuma an buga ta a jikin firam. Da ita wakilin kamfani ko garejin da ke da littafin gyara a kwamfuta zai fito maka da shafin da ya shafi motarka ita kanta, ba wata mai kama da ita ba. Sai dai motar da ta daɗe tana aiki a hanyoyinmu sau da yawa an riga an sauya mata wasu sassa, don haka ka sa a wanke akwatin sitiyarin da aksil ɗin gaba a karanta 'yar farantin da ke manne a jikinsu. Kamfanoni irin su ZF da TRW su ne ke ƙera akwatunan sitiyari na manyan motoci da dama, kuma suna da nasu littattafan. Kada kuma a yar da kwalin sabon tayarod kafin a leƙa ciki, domin wasu masu ƙerawa suna saka takarda mai ɗauke da ma'aunin.

Abin da nake so ka guje wa shi ne jadawalin nan na gama-gari da ke cewa ƙusa mai kauri kaza, mai lamba 8.8 ko 10.9 a kanta, ana ɗaure ta da ƙarfi kaza. Wannan jadawali na ƙusoshi miƙaƙƙu ne. Sandar kan tayarod kuwa tsukakkiya ce, tana shiga raminta kamar yadda ƙota ke shiga gatari, kuma matsewar nan ce ke riƙe ta, noti yana jawo ta ne kawai ta zauna. Idan ɗaurin ya gaza, sandar za ta riƙa motsi tana cin ramin har ya buɗe. Idan ya wuce kima, kamar yadda bututu da nauyin yaro ke yi, sai zaren ya miƙe ko ramin ya faɗaɗa, a ƙarshe sakamakon ya zama ɗaya. Wannan ne ya sa nake roƙonka, kafin a ɗaura sabon, a zura sandar da hannu a gani: idan tana lilo a ramin, ko ta nutse har noti ya ƙure zare bai matse ba, to hannun ƙarfen da ramin yake jikinsa ya lalace, shi ma sai an canza shi.

Idan ka samu adadin, ka duba awon ƙarfin ɗauri da aka rubuta shi da shi, domin iri-iri ne. Littattafan motocin Turai suna amfani da Nm, na Amurka irin su Mack suna rubuta lb-ft, tsofaffin littattafan Japan kuma kgf-m. Kowane lb-ft 1 daidai yake da Nm 1.356, wato lb-ft 100 ya kai kusan Nm 136, kgf-m 1 kuma Nm 9.8 ne. Wanda ya karanta wani awo ya saita sifana a kan wani ya ɓata aikin tun bai fara ba.

Sai a nemi sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan an kai adadin da aka saita, kuma a ja ta a hankali da hannu, ba da fizga ba. A goge sandar da ramin su bushe ƙayau, kada a shafa giris ko baƙin mai sai idan littafin ya ce a shafa, domin mafi yawan ƙarfin da ake sawa a sifana yana ƙarewa ne wajen gogayyar zare da gindin noti, kuma da zarar an sa maiƙo, adadin da aka saba zai ja sandar fiye da yadda aka tsara.

Idan notin mai tsaga-tsaga ne a ka, wanda ake zura wa fil, a kai shi ma'auni tukuna, sannan idan tsagar ba ta yi daidai da hujin ba a ƙara matsawa gaba kaɗan zuwa tsaga ta gaba. Ba a sassauta shi baya don fil ya shiga, kuma sabon fil ake sawa, ba ƙusar kafinta ko guntun waya ba, abin da ya zama ruwan dare kuma yake tayar mini da hankali duk lokacin da na gani. Idan kuma notin mai kulle kansa ne, sau ɗaya ake amfani da shi. Bayan an gama a kai motar a daidaita ƙafafun gaba, sannan a sake duba notunan bayan sawun farko, direba yana murza sitiyari dama da hagu, wani kuma yana tsugune daga gefe yana kallon kowace gaɓa.